Idan Kotun Ɗalibai Ta Kira Ka: Yadda Ake Shari'ar Maguɗin Karatu a Makarantun Likitanci na Amurka

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ɗalibin likitanci ɗan shekara ta uku yana da majinyata huɗu da zai duba kafin babban likita ya iso. Ya duba uku, lokaci ya ƙure masa. A fayil ɗin na huɗun sai ya rubuta cewa ya saurari ƙirji, huhu garau, alhali ko labulen gadon bai ɗaga ba. Abokiyar karatunsa na tsaye a gefe, ta ga komai. A makarantun likitanci da dama na Amurka, wannan layi ɗaya ya isa a gurfanar da shi gaban wata kotu wadda alƙalanta ɗalibai ne irinsa, wasu ma tare suke cin abincin rana. Ita kuma wadda ta gani, idan ta yi gum da bakinta, a wasu makarantun ita ma ta karya alkawari.

Zan kira ta kotun amana, domin abin da take karewa ke nan. Ɗalibi yana sa hannu tun makon farko cewa ba zai yi ƙarya ba, ba zai saci amsa ba, ba zai ɗauki abin da ba nasa ba, sai a yarda da shi, har a wasu wuraren a bar shi ya rubuta jarrabawa babu mai tsaro a kansa. Tsarin ya tsufa. A Jami'ar Virginia ya faro ne a 1842, shekara biyu bayan wani ɗalibi ya harbe malamin shari'a John Davis, lokacin da zama tsakanin malamai da ɗalibai ya yi tsami. Har yau ɗalibai ne ke tafiyar da shi a can, kuma tsangayar likitanci tana da wakilanta a kwamitin. Kusan shekara 180 hukunci ɗaya tak suka sani, wato kora ta har abada, sai a 2022 ɗalibai suka kaɗa ƙuri'a suka mayar da shi dakatarwar zango biyu, a 2023 kuma suka koma ga hukunci hawa-hawa daidai da girman laifi.

Ga yadda shari'ar ke tafiya, da abin da ya kamata ka yi a kowace gaɓa, ko kai ake tuhuma ko kai aka zaɓa ka zauna a kujerar alƙali.

Mataki na ɗaya: kundin da ka sa wa hannu

Kowace makaranta da nata kundin, kuma shi ne dokar da za a yi maka shari'a da ita. Nemo shi yau, kada ka bari sai ranar da aka kira ka. Abu huɗu za ka duba: me suka lissafa a matsayin laifi, kwana nawa ake bayarwa a kowane mataki, wa aka yarda ya raka ka wurin zama, kuma wa ke da maganar ƙarshe. Laifukan sun wuce leƙa takardar wani. Akwai kwafe rubutun wani ba tare da ambaton mai shi ba, da sa wa aboki hannu a rajistar halarta, da haddace tambayoyin jarrabawa a tura wa 'yan ajin da ke baya, da aikin haɗin gwiwa a inda aka ce kowa ya yi nasa, da buɗe fayil ɗin majinyacin da ba kai ke duba shi ba. A 'yan shekarun nan an ƙara amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ba da izinin malami ba. Abin da muke ɗauka taimakon juna ne a tsakanin abokai, can yana iya zama tuhuma.

Mataki na biyu: rahoto

Malami, ko likitan da ke horar da kai a asibiti, ko ma'aikaciyar jinya, ko ɗan ajinku, kowa na iya kai ƙara. Yawanci a rubuce ake kai ta ga shugaban kotun, wanda ɗalibi ne, ko ga mataimakin shugaban tsangaya mai kula da harkokin ɗalibai. Kundin wasu makarantu yana ƙarfafa wanda ya ga abu ya fara tunkarar mai shi ido da ido, ya ba shi dama ya kai kansa. In aka yi maka haka, an yi maka gata. A Virginia, wanda ya tona kansa tun kafin ya san ana zarginsa, ya kuma gyara ɓarnar, ana iya rufe maganar ba tare da an hukunta shi ba.

Mataki na uku: takardar sanarwa, da kwana biyun da ke biye da ita

A nan ne mafi yawan ɗalibai ke jefa kansu cikin rami. Saƙon imel ya shigo, ga sunanka, ga sashen kundin da aka ce ka karya. Gabanka zai faɗi, hannunka zai yi ta ƙaiƙayin rubuta doguwar amsa a daren nan. Kada ka rubuta. Amsa ta layi biyu ta wadatar: ka samu saƙon, za ka ba da haɗin kai, kana roƙon a ba ka cikakkiyar tuhumar da duk hujjojin da aka dogara da su. Abin da ka rubuta cikin firgici zai shiga fayil, kuma idan gobe ka tuna cewa ƙarfe goma ka rufe kwamfutar ba ƙarfe tara ba, saɓanin zai yi kama da ƙarya.

Kada ka goge komai. Saƙonnin waya, tarihin shafukan da ka buɗe, daftarin aikinka na farko da na biyu, takardun da ka yi zane-zane a kansu, duk ka adana su yadda suke. Gogewa sabon laifi ne, kuma sau da yawa ya fi na farkon nauyi. Kada ka kira wanda kake zaton shi ya kai ƙararka, ko da niyyar sulhu, kada kuma ka tura masa aboki ya roƙe shi. A wurinmu aika dattijo ya ba da haƙuri mutunci ne. A can sunansa matsa wa shaida lamba, kuma shi kaɗai yana iya jawo kora.

Abin da za ka yi shi ne ka zauna da biro da takarda, ka rubuta wa kanka duk abin da ya faru daki-daki, da lokaci, da wanda ke wurin, tun ƙwaƙwalwa ba ta fara cike giɓi da zato ba. Sannan ka nemi mai ba ka shawara. Makarantu da yawa suna ba wanda ake tuhuma wani ɗalibi da aka horar, ko malamin da ba shi da hannu a maganar. Ka tambaye shi tun kafin ka buɗe baki: abin da na gaya maka zai tsaya a tsakaninmu, ko wajibi ne ka kai shi gaba? Idan tuhumar na iya kai wa ga kora, ka ga lauyan da ya san shari'ar jami'o'i, ko da ba za a bar shi ya yi magana a zaman ba. Ka kuma gaya wa mutum ɗaya a gida. Kunya tana sa ɗalibai su ƙulle kansu a ɗaki su daina ci su daina barci, kuma wanda bai yi barci ba ba ya iya kare kansa.

Mataki na huɗu: bincike

Kotun za ta naɗa masu bincike, galibi ɗalibai ɗaya ko biyu da ba za su zauna a hukunci ba. Za su ji daga mai ƙara, da shaidu, da kai, su tattara takardu, su miƙa wa ƙaramin kwamiti da zai duba ko hujjar ta kai a yi zama. Ƙararraki da dama a nan suke mutuwa.

Haƙƙinka na ganin hujja ba alfarma ba ce. Hukumar LCME, wadda ke tantance makarantun likitanci a Amurka, ta shar'anta wa kowace makaranta abu huɗu kafin ta ɗauki matakin da zai taɓa matsayin ɗalibi: ta sanar da shi a kan lokaci, ta nuna masa hujjar, ta ba shi damar mayar da martani, ta kuma buɗe masa hanyar ɗaukaka ƙara. Ka riƙe waɗannan huɗun a ka.

Abin da ya faru a makarantar likitanci ta Geisel da ke Kwalejin Dartmouth a 2021 ya isa darasi. Lokacin korona ne, ɗalibai na rubuta jarrabawa daga gida. Makarantar ta duba bayanan da manhajar karatu ta Canvas ke ajiyewa, ta ga alamar cewa asusun wasu ɗalibai ya taɓo shafukan darasi a daidai lokacin jarrabawa, sai ta tuhumi mutum 17. An soke tuhumar bakwai, goma aka hukunta, daga wanda aka kora zuwa wanda aka dakatar zuwa wanda aka kayar a darasi. Wasu daga cikinsu sun ce ƙasa da awa 48 aka ba su su shirya, ba a kuma nuna musu cikakkun bayanan ba. Sai masana na'ura, ciki har da na ƙungiyar EFF mai kare haƙƙin jama'a a intanet, suka nuna cewa waya ko kwamfutar da aka bari da Canvas a buɗe tana iya sabunta shafi da kanta, mai ita yana can bai taɓa ta ba. A watan Yuni na shekarar makarantar ta janye tuhumar gaba ɗaya, shugaban tsangayar Duane Compton ya ba da haƙuri. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a cikin waɗanda aka wanke ɗin akwai waɗanda suka riga suka amsa laifi, saboda sun ga kamar ita ce hanyar samun sassauci.

Saboda haka idan hujjar ta na'ura ce, kada ka yarda da taƙaitaccen jadawalin da wani ya fitar. Ka nemi ɗanyen bayanan gaba ɗaya, na kafin jarrabawar da na bayanta. Ka tambaya: shafin da aka ce na buɗe yana da alaƙa da tambayar da nake amsawa a wannan mintin? Daƙiƙa nawa ya yi a buɗe? Daga wace na'ura? Haka nan idan wata manhaja ce ta ce rubutunka na inji ne, ka kawo tarihin daftarinka, wanda ke nuna yadda aikin ya girma sakin layi bayan sakin layi.

Mataki na biyar: gane ta wace ƙofa aka shigo da kai

Wannan gajere ne amma yana da nauyi. Dokar Amurka ta bambanta kora saboda laifi da kora saboda gazawa a karatu. Tun shari'ar Dixon ta 1961 kotuna suka tsayar cewa jami'ar gwamnati ba ta korar ɗalibi kan laifi sai ta sanar da shi ta kuma saurare shi. Amma a 1978, a shari'ar Charlotte Horowitz, ɗalibar likitanci da Jami'ar Missouri ta sallama a shekararta ta ƙarshe kan aikinta a asibiti, Kotun Ƙoli ta ce hukuncin malamai kan cancantar ɗalibi ba ya buƙatar zaman sauraro. To matsalar ita ce, a makarantar likitanci ana lissafa kyawun ɗabi'ar aiki a cikin karatu. Abu ɗaya, kamar waccan ƙaryar ta fayil, yana iya zuwa kotun amana ko ya tafi kai tsaye ga kwamitin malamai mai duba ci gaban ɗalibai, inda kariyarka ta fi ƙaranci. Ka tambaya a rubuce: a ƙarƙashin wane sashe ake duba maganata? A makaranta mai zaman kanta kuwa, kundin nan shi ne yarjejeniyar da ke tsakaninku, da shi za ka kama su idan suka tsallake mataki.

Mataki na shida: amsawa ko musantawa

Ba wanda zai yanke maka wannan. Idan ka aikata, shawarata ka amsa da wuri, ka amsa duka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma waɗanda za su saurare ka sun zauna a ajin da ka zauna, sun san yadda manhajar jarrabawar take, sun san ƙarfe nawa ake fara zagayen duba majinyata. Makarantu da yawa suna da hanyar sassauci ga wanda ya amsa kafin zama. Virginia ta buɗe irin wannan ƙofa tun 2013. Amsawa mai amfani ita ce wadda ta faɗi abin da aka yi ƙarara, ta ambaci wanda abin ya cutar, ta kawo abin da aka fara yi don gyara. Rashin lafiya, ko rasuwa a gida, ko matsin kuɗi, ka faɗe su da takardunsu a matsayin bayanin halin da kake ciki, kada ka mayar da su garkuwa.

Idan kuwa ba ka aikata ba, kada ka amsa don a ji tausayinka, ko wa ya ba ka wannan shawarar. Sa hannun da ka yi a yau zai bi ka shekara talatin.

Mataki na bakwai: ranar zama

Ɗaki ne na taro da dogon tebur, a rufe, ba 'yan kallo, domin dokar FERPA ta 1974 ta kare sirrin bayanan ɗalibi. Alƙalan ɗalibai ne daga azuzuwa daban-daban, wani lokaci da malami ɗaya ko biyu, masu ƙuri'a ko masu ba da shawara kawai. Kafin a fara za a ba ka sunayensu. Ka duba da kyau. Wanda kuka taɓa samun saɓani, ko amininka, ko wanda ke cikin rukunin da abin ya faru, ka nemi ya janye, kuma ka nema kafin zama, ba bayan hukunci ba. Mu ma mun san wannan ƙa'ida a gida: a 1986 Kotun Ƙolin Najeriya ta soke korar da aka yi wa wasu ɗaliban Jami'ar Maiduguri bayan wata tarzoma, a shari'ar da aka fi sani da sunan Garba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne wanda ya jagoranci binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Ba a zama mai ƙara a zama alƙali.

Shugaba zai karanta tuhuma. Masu bincike su gabatar da abin da suka samu, a kira shaidu ɗaya bayan ɗaya, alƙalai su yi tambayoyi, kai ma ka yi naka, kai tsaye ko ta bakin shugaba. Sannan a ba ka fili. Ka zo da jawabin da bai wuce minti biyar ba, da takardunka a jere da lamba, kwafi ga kowane alƙali. Ka amsa abin da aka tambaye ka ka tsaya. In ba ka tuna ba, ka ce ba ka tuna ba. Kada ka zagi mai ƙara. Mai yiwuwa ita ma ba ta runtsa ba tun ranar da ta kai rahoton, kuma alkawarin da ta sa wa hannu ta cika. Wani abu ƙarami: a tarbiyyarmu sunkuyar da kai gaban mai hukunci ladabi ne, a can ana iya karanta shi a matsayin rashin gaskiya. Ka ɗaga kai ka dubi mai tambayarka.

Ka san ma'aunin da za a auna ka da shi. Makarantu da yawa suna amfani da rinjayen hujja, wato ya fi kusa a ce an yi da a ce ba a yi ba. Wasu suna neman hujja bayyananna mai gamsarwa. Virginia ta daɗe a kan ma'aunin kotun laifi, wato tabbacin da ba ya barin shakka mai ma'ana, kuma tana tambayar abu uku: an aikata, mai shi ya san ko ya kamata ya san laifi ne, sannan abin ya kai girman da zai rusa amanar jama'ar makaranta?

Ga wanda ke kujerar alƙali, kai ma ɗalibi ne, gobe kana da jarrabawa, kana so a gama. Ka yi haƙuri ka karanta fayil ɗin duka. Hujja tana wuyan mai da'awa, ba aikin wanda ake tuhuma ba ne ya tabbatar da tsarkinsa. Ka raba tambaya biyu da zuciya ke son haɗawa: ya aikata, da kuma me ya dace da shi. Kuka ba shaidar gaskiya ba ne, bushewar ido ma ba shaidar laifi ba ce. Kada kuma tausayi ya sa ka manta da mutumin da ke gado na huɗu, wanda aka rubuta huhunsa garau ba a saurara ba. Binciken da Maxine Papadakis da abokan aikinta suka wallafa a 2005 ya gano cewa likitocin da hukumomin lasisi suka hukunta sun ninka sauran kusan sau uku wajen yiwuwar samun tarihin rashin ɗa'ar aiki tun suna makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma dalilin kafa kotun ke nan.

Mataki na takwas: hukunci da ɗaukaka ƙara

Alƙalai za su keɓe su kaɗa ƙuri'a. A yawancin makarantun likitanci abin da suka yanke shawara ce da ke tafiya ga shugaban tsangaya ko kwamitin malamai, su ne masu tabbatarwa ko sauyawa. Hukuncin na iya zama gargaɗi a rubuce, ko sifili a aikin, ko maimaita darasi ko shekara, ko zaman gwaji ƙarƙashin kulawar wani malami, ko dakatarwa, ko kora.

Wa'adin ɗaukaka ƙara gajere ne, 'yan kwanaki, kuma ba sabuwar shari'a ba ce. Dalilan da aka saba karɓa uku ne: an tsallake wani mataki na kundi har ya shafi sakamako, sabuwar hujja ta fito wadda ba a iya samu a da ba, ko hukuncin ya fi ƙarfin laifin. Ka nemi faifan zaman ko rubutaccen bayaninsa, ka nuna shafi da sashe. Takarda mai shafi biyu da ta kama kuskure ɗaya a fili ta fi shafi ashirin na ƙorafi.

Bayan an tashi

Idan an wanke ka, ka nemi takardar da ta faɗi haka, ka kuma tambayi abin da zai rage a fayil ɗinka da wanda zai iya ganinsa. Idan an same ka da laifi, tambaya mafi muhimmanci ita ce ko zai shiga wasiƙar shugaban tsangaya, wadda ake kira MSPE. Ita ce takardar da ake aika wa duk asibitin da ka nemi horon ƙwarewa a cikinsa, kuma tana da gurbin da ake bayyana matakin ladabtarwa. Ka nemi ganin kalmomin da za a rubuta. Ɗalibi yana da damar karanta wasiƙar ya nuna kuskuren da ke ciki kafin a aika. Ɗalibin da ke kan bizar karatu ta F-1 ya garzaya ofishin ɗaliban ƙasashen waje tun kafin dakatarwa ta fara aiki, domin zamansa a ƙasar ya rataya ne a kan kasancewarsa cikakken ɗalibi.

Daga baya fom ɗin neman lasisi na jiha, da na asibitin da zai ɗauke ka aiki, za su tambaya ko an taɓa ladabtar da kai a makaranta. Su ma za su rubuta wa makarantar su ji daga bakinta. Ka ajiye kwafin tuhumar, da hukuncin, da takardar da ta nuna ka cika sharuɗɗan da aka gindaya maka, a babban ambulan guda. Ka rubuta sakin layi ɗaya, jimla huɗu ko biyar, mai faɗin abin da ya faru, da shekarar, da hukuncin, da abin da ka yi bayansa, ka ba mataimakin shugaban tsangaya ya duba ya tabbatar ya yi daidai da abin da ke fayil ɗinsu. Shi za ka riƙa liƙawa a kowane fom, ba tare da sauya ko kalma ɗaya ba.